Na je an yi min allurar Chana a Gwanzu saboda kumburin ciki, ga abun da na gani

Tun da na dawo mutane ke tare ni a Kwari suna tambaya, wai Alhaji da gaske ne ka kwanta an caccaka maka allurai a ciki kamar bushiya, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da maimaitawa. Kuma tun yanzu in faɗa, ba talla nake yi ba, ko sunan asibitin ba zan kama ba domin akwai inda suka burge ni akwai inda suka ɓata min rai, kuma ba na son abun ya zama cin mutuncin wani.

Ciwona ya kai shekara shida. In na ci abinci ko loma biyar ce sai in ji cikina ya cika tim kamar na cinye tuwon gidan biki, sai gyatsa, gyatsa ba ƙaƙƙautawa, ga wani nauyi a ƙahon zuciya kamar an ɗora min dutsen guga, wani lokacin har da tashin zuciya amma ba amai. Kowa ya gan ni sai ya ce olsa ce, mu dai a wajenmu komai ya taɓa ciki olsa ce, in ba olsa ba to basir. Omeprazole kam na sha har na haddace kalar kwalinsa, na sha maganin nan fari mai kamar madara, na sha kanwa, na sha jiƙe-jiƙen da surukata ta aiko daga ƙauye a jarka, na bar yaji na bar tsami na bar shayi mai kauri, abu dai ya yi sauƙi kwana biyu ya dawo. A Kano an zura min kyamarar nan ta baki aka leƙa tumbin, likita ya ce babu gyambo ko ɗaya, an yi gwajin ƙwayar cutar nan H. pylori aka samu, na sha magungunan kashe ta na sati biyu aka sake gwaji ta tafi, amma kumburin yana nan daram. Nan ne ya ce min ciwon nawa irin wanda ba a ganin komai a skanin ne, tumbin lafiyarsa lau a ido, aikinsa ne ya rikice, ko dai baya buɗewa ya karɓi abinci yadda ya kamata ko jijiyoyinsa sun cika jin abu kaɗan su ɗauke shi babba. Ni dai a lokacin na ji kamar ce min ya yi ƙarya nake.

To a watan Oktoban 2024 na je Gwanzu sarin yadi, lokacin baje kolin Canton ne gari ya cika maƙil otal ya yi tsada, na sauka a wajen Xiaobei inda duk ɗan Afirka ke sauka saboda a nan ne za ka samu abincin halal da wanda za ka yi wa sallama ya amsa. Kwana uku ina cin taliyar nan ta 'yan Lanzhou cikina ya ce bai san zance ba, ina kasuwar yadi ta Zhongda ana ciniki ni kuma ina gyatsa a fuskar mutane. Yaron da ke min tafinta ɗan Damagaram ne, likitanci yake karantawa a can, kuma likitancin asibiti irin namu ba na gargajiyarsu ba, shi ne ya ce Alhaji tunda an riga an leƙa cikin ba a ga komai ba, ku zo mu gwada sashen allura, in bai yi amfani ba asarar ba ta da yawa. Na ce allura kuma, ni da ko ta zazzaɓi sai an lallaɓa ni. Ya yi dariya ya ce ba irin wannan ba ce, ba ruwan magani a cikinta.

Asibitin gwamnati ne babba na maganin gargajiyar Chana, kuma abun da ya fara ba ni mamaki shi ne ba wani ɗakin boka ba ne da hayaƙi da ƙwarya, bene ne hawa da yawa da lifta da nas da fararen kaya da kwamfuta, kana yankar kati ta waya ka biya ta WeChat ka jira lambarka ta fito a allo. Da fasfo ɗina aka buɗe min fayil. Na ce wa yaron ya roƙa min a haɗa ni da likita namiji tunda abu ne na buɗe ciki da ƙafa, ba su yi musu ba sam, wannan na ba su maki.

Likitan dattijo ne, inaga zai yi sittin, kuma ranar farko ya kusa cinye minti ashirin yana tambayata kafin ya taɓa allura, abun da ban taɓa samu ba a duk yawon asibitin da na yi. Yaushe cikin ke kumbura, kafin abinci ko bayan abinci. In na sha ruwan sanyi ya fi tsanani ko in na sha mai ɗumi. In na danna wurin da hannu daɗi nake ji ko zafi. Bahaya fa, tauri ko ruwa-ruwa, sau nawa a rana. Bakina na ɗaci da safe. Ina barci. Sai ya tambayi wata da ta sa na yi shiru, ya ce in raina ya ɓaci ko kaya suka maƙale ciwon na ƙaruwa, na ce wa yaron gaya masa ranar da kwantenata ta yi wata biyu a tashar ruwa ko kunu kasa sha na yi. Ya gyaɗa kai kamar dama abun da yake jira kenan. Ya ce in fito da harshe, ya duba sama ya duba ƙasa, ya kama tsintsiyar hannuna da yatsu uku, dama da hagu, ya daɗe yana saurare ido a rufe.

A nan ne na fahimci abun da ya sa nake wannan rubutun, wato ba wai kowa ya zo da ciwon ciki a soka masa wuri ɗaya ba ne, zaɓen wuraren shi ne ainihin sana'ar, sokawar kam ko ɗalibi zai iya. A jikin mutum suna da wurare 361 da hukumar lafiya ta duniya ta daidaita musu matsayi a 2008, kowanne da sunansa da lambarsa, akwai wani mutum-mutumi a kan teburinsa duk an zane shi da ɗigo-ɗigo da layuka. Cikin waɗannan akwai kamar guda bakwai ko takwas da kusan duk mai matsalar narkewar abinci sai an sa masa, su ne tushe, sannan sai a ƙara ɗaya ko biyu gwargwadon irin amsar da ka bayar da yadda harshenka yake. Kamar dai miya, kowa da albasa da gishiri da mai yake farawa, abun da aka ƙara a kai shi ke raba kuka da taushe.

Awon ma ba da tef ake yi ba, da jikinka ake yi. Faɗin babban yatsanka shi ne ma'auni ɗaya, suna ce masa cun, yatsu huɗu a haɗe kuma cun uku, saboda haka dogo da gajere kowa da nasa awon. Na farkon da ya sa min sunansa Zhongwan, CV12, yana tsakiyar tsakanin cibiya da ƙarshen ƙashin ƙirji, daidai inda dutsen gugan nan nawa ke zama, ya ce wannan ƙofar tumbi ce ta gaba. Sai Tianshu, ST25, guda biyu dama da hagun cibiya kamar faɗin babban yatsa biyu, wannan na babban hanji ne, wai ko mai gudawa ko mai taurin bahaya duk shi ake sa wa, na ce ta yaya abu ɗaya zai yi maganin abu da kishiyarsa, ya ce aikinsa daidaitawa ne ba turawa ko tsayarwa ba, ni dai na yi shiru don ban gamsu ba a lokacin kuma har yanzu ban gama gamsuwa ba. Akwai Qihai a ƙasan cibiya kaɗan. Akwai Neiguan, PC6, a cikin hannu sama da layin tsintsiya da cun biyu tsakanin jijiyoyin nan biyu da ke tasowa in ka dunƙule hannu, na tashin zuciya ne, kuma shi ne wurin da robar nan da masu jiri a mota ko jirgin ruwa ke ɗaurawa take dannawa, in ka taɓa ganinta a kemis. Akwai Gongsun a gefen tafin ƙafa ta ciki.

Amma sarkinsu Zusanli ne, ST36. In ka sa yatsu huɗu a ƙasan ramin gwiwa ta waje, ka matsa faɗin yatsa ɗaya daga ƙashin ƙwauri zuwa waje, to nan ne. Sunan wai yana nufin zango uku na ƙafa, suna da labarin cewa matafiyin da ya gaji in aka taɓa masa nan zai ƙara tafiyar zango uku. Na tambaya me ya haɗa ƙwauri da tumbi, ya ja yatsa a jikin mutum-mutumin tun daga ƙasan ido ya gangaro ta ƙirji ta ciki ta cinya har yatsan ƙafa na biyu, ya ce wannan layin tumbi ne gaba ɗaya. Da muka fita yaron ya ce min Alhaji mu a ajinmu mun feɗe gawa ba mu ga wani layi ba, jijiyoyi muka gani, amma akwai wani bincike da aka yi a jami'ar Harvard ta Amurka a 2021 a kan ɓeraye da ya nuna in aka sa lantarki mara ƙarfi a daidai wannan wurin yana tada wata babbar jijiya da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa ta sauko har kayan ciki, to ƙila tsofaffin sun gano wurin ne da gwaji sai suka ba shi bayanin da ya dace da zamaninsu. Ya ƙara da cewa ɓera dai ba mutum ba ne. Ina son yaron nan saboda baya cika baki.

Sai wanda aka ƙara min na musamman, Taichong, LR3, a bayan ƙafa cikin kwarin da ke tsakanin ƙashin babban yatsa da mai bi masa. Wannan saboda maganar kwantena ne. A lissafinsu ɓacin rai da damuwa hanta suke cushewa, ita kuma hantar sai ta haye kan tumbi ta hana shi aiki, kuma ya ja min kunne cewa ba hantar da ake gwadawa a jini yake nufi ba kar in tsorata, suna ne na wani aiki a jiki. Abun ya tuna min yadda muke cewa hantar mutum ta kaɗa in ya tsorata, ba wanda ke nufin sai an kai shi skanin. Wani tsoho da ke gadon kusa da ni kusan ciwonmu ɗaya amma shi ba a sa masa Taichong ba, shi kullum a gajiye yake bahayarsa ruwa-ruwa harshensa fari da shatin haƙora a gefe, sai aka sa masa Taibai a gefen ƙafa aka kifa shi aka sa masa Pishu da Weishu a gadon baya, wai nasa raunin saifa ne da sanyi, har da ƙona masa wani ganye a saman allurar. Wanda kuma bakinsa ke wari da ɗaci harshe rawaya ga ƙwarnafi, shi zafi ne ya yi masa yawa, Neiting ake ƙara masa a tsakanin yatsun ƙafa na biyu da na uku. Mai taurin bahaya kuma Shangjuxu ake haɗa masa da Tianshu, yana ƙasan Zusanli da yatsu huɗu. Kun ga mutum huɗu da a Kano duk za mu ce olsa ce ke damunsu mu miƙa musu kwali ɗaya.

Ganyen da suke ƙonawar nan ina jin warinsa na ce kai wannan ai kamar tazargade, ashe danginsa ne. Ɗumin na da daɗi a ciki ba ƙarya, sau biyu aka yi min a kan cibiya da wani ɗan akwatin katako, amma warin na kama kaya, ranar Juma'a na tafi masallacin nan da ake cewa kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas na wurin, wanda ke gefena a sahu sai waiwayena yake inaga ya ɗauka wani abun na sha.

Zafi fa? Allurar siririya ce ƙwarai kamar gashin wutsiyar doki, ba ta kai rabin milimita ba, kuma sabuwa ce a leda a gabanka ake ɓarewa a jefar bayan an gama, na sa ido sosai a kan wannan don mun san abun da askar wanzami ɗaya ta jawo wa mutane. Shigarta kamar cizon sauro. Abun da ba a gaya min ba shi ne bayan ta shiga sai ya riƙa murza ta yana ɗagawa yana dannawa har sai ka ji wani irin tsami da nauyi yana bin ƙafar, a Zusanli na ji shi har idon sawu, ba zafi ba ne sosai amma ba daɗi, na ce wash, shi kuma ya yi murmushi ya ce yawwa ta kama, wannan jin suke nema suna ce masa deqi. Taichong kam yana da zafi kar wanda ya ruɗe ka. Daga nan sai su maƙala wasu 'yan wayoyi a allurai huɗu su kunna wani ɗan inji mai batir, naman wurin ya riƙa motsi dil dil dil, a kunna maka fitila mai ɗumi a kan ciki a bar ka minti ashirin zuwa talatin. Tun ina kwance a zama na biyu na ji cikina na ƙugi ƙululu kamar an buɗe famfo, har kunya ta kama ni.

Yanzu bari in zo kan inda suka ɓata min. Zama na huɗu ranar Litinin ce ina azumi, ba wanda ya ce min kar in zo da yunwa, ko a takarda ba a rubuta ba, kuma ranar dattijon baya nan sai wani matashi ya karɓe ni, bai tambaye ni komai ba ya duba kwamfuta kawai ya fara sokawa da sauri kamar mai dashen albasa. Allura ta shida na ji gumi mai sanyi ya keto min, ɗakin ya fara juyawa, kunnena ya toshe, ina jin muryar yaron daga nesa yana cewa Alhaji Alhaji lafiya. Nan da nan nas ta zo suka zare alluran duka suka ɗaga min ƙafa sama, suka kawo ruwan ɗumi da suga, na ce ina azumi, yaron ya ce Alhaji nafila ce don Allah ku sha, na sha. Minti goma na dawo daidai. Wai abu ne sananne a wajensu har suna gare shi, yana samun mai yunwa ko mai tsoro ko wanda ya gaji, to in sananne ne me ya hana a faɗa tun ranar farko, kuma kuɗin zaman ba su dawo min da shi ba. Washegari da dattijon ya ji ya ba ni haƙuri, ya kuma duba shatin da matashin ya bari a ƙafata ya girgiza kai, ya nuna min da yatsa cewa Zusanlin ya sauka ƙasa da inda ya kamata. Daga ranar na ce in ba shi ba na fasa, ko zan jira awa biyu.

Kuma jiran akwai shi. Ɗaki ɗaya gado ya fi goma, labule ne siriri tsakaninku, maza da mata duk ɗaki ɗaya, kana jin tarin kowa da wayar kowa, mai kunya zai sha wahala, ni da babbar riga na fara zuwa daga baya na koma wando mai faɗi da 'yar shara don a naɗe cikin sauƙi ba sai na tuɓe ba. Turanci kuwa kusan babu, in ba ka da tafinta ka tafi da manhajar fassara a waya, amma gaskiya tambayoyin nan na farko su ne komai, in aka fassara su a karkace to zaɓen wuraren ma a karkace zai fito.

Sun so su haɗa min da maganin sha, na ce a karanta min abun da ke ciki tukuna. Yawanci saiwoyi ne da ɓawon lemo da citta, amma akwai fatar cikin ƙundun kaza busasshiya, wai tana narkar da abinci, na ce wa ya yanka kazar, aka yi dariya aka cire min ita. Ku riƙa tambaya wallahi, domin cikin magungunansu akwai wanda da fatar jaki ake yi, ejiao, shi ne dalilin da jakuna suka yi tsada a ƙauyukanmu har Tarayyar Afirka ta hana cinikin fatar a Fabrairun 2024. Maganin na sha kwana biyar na ajiye, ɗacinsa ya fi maɗaci, don haka duk abun da zan faɗa na sakamako na allurar ne kusan zalla.

Kuɗi, kowane zama da lantarkin da fitilar ya tashi min wajen yuwan 150, ranar da aka ƙona ganye ya ɗan haura, kai ka buga da canjin ranar da kake karantawa don ni na daina yi wa naira alƙawari. An tsara min zama 12, sau uku a sati har sati huɗu, na samu 10 biza ta ƙare.

To ya yi aiki? Sati na farko ban ga komai ba sai barci mai nauyi. Wajen zama na shida na lura na cinye kwanon shinkafa da naman rago a wani gidan abincin 'yan Xinjiang ban tsaya a rabi ba, kuma gyatsar ta ragu sosai har abokin tafiyata ya ce yau ba mu ji rediyo ba. Nauyin ƙahon zuciyar bai tafi duka ba, in zan kimanta kamar kashi biyu cikin uku ya sauka. Na ce wa yaron ka ga aikin allura, sai ya ce Alhaji ku bari in gaya muku duka biyun. Ya ce a 2020 an buga wani gwaji da aka yi a asibitoci biyar na Chana a kan mutum 278 masu irin ciwona sak, na cikar ciki bayan abinci, an raba su biyu, wasu aka yi musu allurar gaske wasu aka soka musu sama-sama a wuraren da ba su ba ne, zama 12 a sati huɗu, na gasken kashi 83 cikin ɗari suka ce sun samu sauƙi, na bogin kuma kusan kashi 52. Akwai wani ma mafi girma a 2016 a kan taurin bahaya mai tsanani, mutum 1,075, da lantarki a Tianshu da Shangjuxu da wani wuri a gefen ciki, shi ma na gasken ya fi. Na ce to ai magana ta ƙare. Ya ce ba ta ƙare ba, ku dubi 52 ɗin nan, rabin mutane sun ji sauƙi da allurar ƙarya. Kuma a ciwon hanjin nan mai murɗa da sauyin bahaya, da aka tattara gwaje-gwaje a 2012 ba a ga ta gasken ta fi ta bogin ba. Ya ba ni labarin wani gwaji a Amurka a 2008, mutum 262 masu wannan ciwon hanjin, kashi ɗaya ba a yi musu komai ba suna jira, kashi ɗaya allurar bogi likita ba ya ko hira da su, kashi na uku allurar bogin dai amma likita ya zauna ya saurare su da fara'a, waɗanda suka ce sun samu sauƙi kashi 28 ne da 44 da 62. Na yi shiru ina tuna minti ashirin ɗin da dattijon ya yi yana tambayata labarin kwantena.

Ni ɗan kasuwa ne, ba zan iya raba muku nawa ne na Zusanli nawa ne na sauraro nawa ne na kwanciyar rabin awa ba waya ba ciniki sau uku a sati ba, abun da na sani na shiga da ciwo na fito da sauƙi kuma ba a cuce ni a kuɗi ba. In tauraro biyar ake bayarwa na ba dattijon huɗu da rabi, asibitin kuma uku saboda ranar Litinin ɗin nan da cunkoso.

Amma don Allah kar wani ya karanta wannan ya ce ya samu maganin olsa. Shi kansa likitan sai da ya nemi ganin risol ɗin kyamarar da aka yi min a Kano, na nuna masa hotonsa a waya, sannan ya yarda ya fara. Wanda ke ramewa ba dalili, ko bahayarsa baƙa kamar kwalta, ko aman jini, ko abinci na maƙale masa a wuya, ko ciwon ya fara masa ne bayan ya manyanta, wannan asibiti zai nufa a leƙa cikin, allura ba ta kashe H. pylori kuma ba ta warkar da gyambo ko daji. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa, mai batirin zuciya kar a sa masa lantarki, mai juna biyu kuma akwai wuraren da suke gujewa kamar Hegu a hannu da Sanyinjiao a saman idon sawu da duk ƙasan ciki. Kuma wanda zai yi kwana bakwai kawai a Gwanzu ya sari kaya ya juyo kar ya ɓata kuɗinsa, zama biyu ba abun da zai nuna maka. Suna yin ƙaho ma a sashen, da kofunan gilas da wuta, na leƙa na ce wannan kam muna da shi a gida ba sai na biya yuwan ba.

Ranar ƙarshe dattijon ya ɗauki biro ya yi min ɗigo a Zusanli da Neiguan da Zhongwan ya ce in ɗauki hoto, in riƙa dannawa da babban yatsa minti biyu-biyu bayan abinci, in daina cin abinci a tsaye ina waya, in rage ruwan firji. Na riƙe na dannawar, na ruwan firjin kuma a zafin Kano sai a hankali. Sama da wata shida na yi lafiya lau, da babbar sallah na yi wa soyayyen nama rashin kunya kwana uku a jere kumburin ya dawo, bai kai na da ba amma ya dawo. Yaran shago yanzu in suka ga na naɗe ƙafar wando ina danna ƙwauri sun san na ƙoshi ne, har ƙaramin cikinsu ya fara kwaikwayona. In Allah ya kai mu tafiya ta gaba zan koma in cike zama biyun da suka rage in ƙara wasu, na riga na sa yaron ya binciko min ranakun da dattijon ke zama, kuma sai na karya da shayi da burodi kafin in fita daga otal.